Kundin takarda ko na waya: wanne zan riƙa kaiwa wurin neman aikin dizain?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Birnin Kebbi, saura 'yan watanni in kammala difloma, kuma na daɗe ina taɓa aikin dizain da CorelDraw da Photoshop. Ayyukan da na tara a kwamfuta sun kai 60: fastoci, katunan biki, tambura, kalandu. Malaminmu ya ce kowa ya buga nasa a takardar A3 a ɗinke su littafi guda, wai da shi ake neman aiki. Abokaina kuma sun ce ɓarnar kuɗi ce, Instagram da Behance, shafin intanet na nuna ayyukan dizain, sun wadatar. Yayana ya ba ni naira dubu 40 in yi abin da ya dace. Kwanan baya na je wani gidan buga takardu, na nuna wa mai wurin ayyukana a waya, ya ɗan dudduba ya miƙo mini, ya ce za su neme ni. Har yau shiru. Ina zan sa kuɗin nan?

Ɗalibi, daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka zuba kuɗin yayanka a littafin A3, kuma kada ka jingina da Instagram. Abin da za ka yi shi ne ka haɗa fayil ɗin PDF guda ɗaya mai ayyuka 10 zuwa 12, sannan ka ɗauki biyar ko shida daga cikinsu ka buga su a ainihin takardar da ake buga irinsu, da ainihin girmansu. Idan makaranta ta wajabta littafin don maki, yi shi da mafi arhar hanya ka miƙa, wannan lissafinsa daban.

Mu fara da mutumin da ya miƙo maka wayarka. Ba lallai ne aikin bai yi masa kyau ba. Mai gidan buga takardu ba kyau kaɗai yake nema ba, yara masu iya haɗa fosta mai ɗaukar ido sun yi yawa a gari. Tambayar da ke ransa ita ce: idan na ba yaron nan aikin kati 500, fayil ɗinsa zai hau inji lafiya, ko zan yi asarar takarda da tawada in sake bugawa daga aljihuna? Fuskar waya ba ta amsa wannan. Waya tana haska launi daga baya, komai sai ya yi ƙyalli, hoto maras inganci ma sai ya fito tas saboda ƙanƙantar fuskar. Shi ya sa ya dudduba ya bar ta. Da katin da aka riga aka buga aka yanke ka ɗora masa a tebur, da ka ga ya juya shi, ya duba gefensa, ya kai shi kusa da ido yana karanta ƙananan rubutu. A wurin irinsu gani ya kori ji.

Amma kafin takarda ko waya, akwai zaɓe, kuma nan ne yawancin ɗalibai ke faɗuwa. Ayyuka 60 ba kundi ba ne, ma'ajiya ce. Mai ɗaukar aiki yana auna ka da mafi rauni daga abin da ka nuna masa, don yana tunanin irinsa zai samu ranar da aiki ya matse. Ka zubar da duk abin da ka yi ta bin bidiyon koyarwa mataki-mataki, da duk wanda ka canza wa suna kawai daga tamfilet ɗin Canva, masu sana'ar sun san waɗannan da gani ɗaya. Katunan biki guda 15 masu zinare da furanni iri ɗaya, ɗauki ɗaya. Abin da ya rage ka tabbata ya nuna hannu daban-daban: tambari ɗaya da aka nuna shi a kan kati da takardar ofis da allon shago, aiki ɗaya mai rubutu da yawa kamar ƙasida ko jadawalin makaranta, bana ɗaya, wato babban tallan da ake ratayawa, lakabin kaya ɗaya, da zanen kafafen sada zumunta guda uku ko huɗu da suka fito daga gida ɗaya. Aikin rubutu mai yawa shi ɗalibai suka fi gudu, alhali shi ya fi nuna wanda ya iya. Kowa zai iya ɗora hoto babba da kalma uku. Jera sunaye 40 da lokuta a shafi ɗaya a karanta ba wahala, wannan sai wanda ya san tazara da jeri.

Idan ka tace ka ga ba su kai goma ba, ƙirƙiro aikin gwaji daga abin da ke kewaye da kai. Jihar Kebbi ƙasar shinkafa ce, ga albasar Aliero, ga kifin Yauri da Argungu. Zana buhun shinkafa mai kilo 25 na kamfanin da babu shi, amma ka zana shi kamar za a buga da gaske: launi biyu ko uku tsayayyu, babu launin da ke narkewa cikin wani, babu siraran layuka, don bugun kai tsaye a kan buhun saƙa ba ya riƙe su. Zana lakabin busasshen kifi ko na yaji, ka bar gurbin lambar NAFDAC da ranar sarrafawa da ranar lalacewa da nauyi. Wanda ya ga waɗannan guraben ya san ka taɓa riƙe kayan kanti ka karanta bayansu. Sai dai ka rubuta a ƙasa cewa aikin gwaji ne. Kada ka ɗora sunan wani kamfani na gaske ka bar mutane su ɗauka shi ya ba ka aiki, garin ƙarami ne, tambaya ɗaya za ta tona.

Yanzu PDF ɗin. Ka sa a ranka a waya za a buɗe shi, wataƙila a kan babur ko tsakanin kwastoma biyu, ba a babbar kwamfuta ba. Don haka shafin ya zama a tsaye, A4 ya isa, kuma girman haruffan bayani kada ya gaza lamba 14, in ba haka ba sai an buɗa da yatsu, kuma ba kowa zai yi ba. Shafin farko sunanka, abin da kake yi, lambar waya, imel, da manhajojin da ka iya da gaske. Aikin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne a shafi na biyu, mai bi masa a ƙarfi ka ajiye shi ƙarshe. Kowane aiki shafi ɗaya ko biyu, da layi biyu ko uku a ƙasa: na wane irin mai buƙata ne, me ya nema, girman nawa, da wace manhaja, kuma wane ɓangare ne naka idan ku biyu kuka yi. Shafuka 15 zuwa 20 gaba ɗaya.

Nauyin fayil ɗin ya tsaya ƙasa da megabait 10, in ya sauka zuwa biyar ma ya fi. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale, amma tun kafin nan mai karɓa zai duba datarsa ya fasa saukewa. Wurin fitar da PDF ka saukar da hotuna zuwa dpi 150, wato yawan ɗigon hoto a kowane inci, launi kuma RGB, wato tsarin launin allo, don wannan na kallo ne, ba na bugawa ba. Sa masa suna mai ma'ana, sunanka da kalmar kundi da shekara, ba irin sunan da kwamfuta ke bayarwa da kanta ba. A WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen. Idan ka tura ayyuka ɗaya-ɗaya a matsayin hoto, manhajar tana matse su, ƙananan rubutu su dushe, sannan su bi cikin hotunan biki da na 'yan uwa a wayar mutumin su ɓace. Ajiye kwafi a Google Drive, ka buɗe izinin yadda duk mai linki zai gani, sannan ka gwada a wayar abokin da bai shiga da imel ɗinka ba. Masu neman aiki da yawa suna tura linkin da ke neman izini, kuma babu mai ɗaukar aikin da zai tsaya roƙon izini.

Behance kyauta ne, na kamfanin Adobe, kuma yana da amfani idan kana hangen aiki daga Abuja ko Legas ko Kano, ko aikin da ake yi daga gida. Ɗora ayyuka huɗu ko biyar da cikakken bayani, daga zanen fensir zuwa gamawa. Instagram kuwa talla ce ga masu biki da masu shago, yana kawo ƙananan ayyuka, ka riƙe shi, amma ka raba shi da shafinka na hotunan Sallah.

Wani gargaɗi kan mokof, wato hoton da ake ɗora tambari a bangon gilashi ko a jikin wani katafaren ofis. Ɗaya ko biyu ba laifi. Idan kundin duka mokof ne, mai ido zai ce ɓoye wani abu kake yi. Nuna tambarin a shimfiɗe a kan fari, sannan da baƙi zalla, sannan a ƙanƙance kamar santimita biyu, yadda zai fito a hatimi ko a rasit. Tambarin da ya rayu a hatimi ya ci jarrabawa.

Sai na takarda, inda kuɗin zai tafi. Dalilin da ya sa ban goyi bayan littafin A3 ba guda uku ne. Ɗinkakken littafi ba a cire masa shafi, ga shi bayan wata shida za ka ji kunyar rabin abin da ke ciki. Yana da girma, ba ya shiga jaka, a kan babur iska da ƙura za su gama da gefunansa. Na uku, wanda ya fi muhimmanci: kati da aka buga a tsakiyar shafin A3 hoton kati ne kawai, bai nuna ka san yanka ko naɗi ko nauyin takarda ba. Sayi fayil mai aljihunan leda na A4, mai aljihu 20, baƙi ko ruwan toka, maras ado. A ciki ka sa abubuwa na gaske: katin kasuwanci a kati mai giram 300, takardar talla A5 a takarda mai sheƙi giram 130 zuwa 150, ƙasida mai naɗi uku da aka naɗe da gaske, sitika da aka manna a kwalba ko roba ka riƙo ta daban, katin gayyata da ambulan ɗinsa. Bana ba ya shiga fayil, sai ka ɗauki hotonsa a rataye a inda aka kafa shi, da safe ko da yamma lokacin da rana ba ta dukansa, ka haɗa da ƙyallen fileks, ledar da ake buga bana a kanta, kamar tafin hannu da aka yanko daga gwajin bugu. Kowane abu buga biyu ko uku, don wani zai ce ka bar masa.

Wurin shirya waɗannan fayilolin ne za ka koyi abin da mai gidan bugun yake nema, saboda haka kada ka ba wani ya yi maka. Launi ya zama CMYK tun farkon aiki, wato tawada huɗu na bugu: siyan mai kama da shuɗi, majenta mai kama da ja, rawaya, da baƙi da ake kira K. Shuɗi mai haske da kore mai ƙyalli da kake gani a kwamfuta tawada ba ta iya fitar da su, za su dushe, gara ka gani tun a allo ka gyara. Shuɗi yana komawa shunayya idan majenta ta matso kusa da siyan, ka bar tazarar aƙalla 30 tsakaninsu, misali siyan 100 majenta 65. Ƙananan rubutu baƙi su zama K 100 kaɗai. Idan ka bar su da launi huɗu, da faranti ɗaya ya ɗan goce a injin ofset, mai buga kowane launi da farantinsa, sai ka ga inuwar ja ko shuɗi a gefen haruffa. Babban fili baƙi kuwa K 100 kaɗai yana fitowa kamar toka, sai a ƙara masa, misali siyan 60, majenta 40, rawaya 40, baƙi 100. Hoto ya zama dpi 300 a girman da za a buga shi. Cikakken shafin A4 yana son fiksel 2480 da 3508, hoton da kwastoma ya turo ta WhatsApp kuwa galibi bai kai rabin haka ba, kuma ja masa kusurwa a CorelDraw ba ya ƙara masa komai sai dishi-dishi. Ka ce a sake turo shi a matsayin dokumen.

Bar rarar milimita uku a kowane gefe, abin da masu injin ke kira bilid. Takardar A5 milimita 148 da 210 ce, to fayil ɗinka ya zama 154 da 216, launin bango ya malala har can. Wuƙar yanka ba ta sauka daidai kan layi kullum, in babu rarar sai farin zare ya fito a gefe. Rubutu kuma ya nisanci layin yanka da milimita biyar. Kafin ka kai fayil, mayar da rubutu zane, a CorelDraw Ctrl da Q ne, don idan kwamfutar shagon ba ta da salon haruffan da ka yi amfani da shi za ta musanya da wani, jerinka ya wargaje. Amma ka ajiye kwafin da ba a mayar ba, saboda gyara. Tambayi wane CorelDraw suke da shi, sabon fayil ba ya buɗuwa a tsohuwar manhaja, sai ka adana shi daidai da tasu, ka haɗa da PDF. Sannan a buga maka gwaji guda ɗaya ka fita da shi hasken rana ka duba kafin a ci gaba.

Akwai abu biyu da za su ɗaga ka sama da tsaranka a nan yankin, kuma ba sa cin ko kwabo. Na farko haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Salon haruffa da yawa ba su da su, sai manhaja ta aro daga wani salo harafin ya fito bare a tsakiyar kalma, ko ta bar akwati. Noto Sans da Andika da Charis SIL suna da su, kuma kyauta ne. Sa aiki ɗaya na Hausa tsantsa da aka rubuta daidai, irin saƙon rigakafi ko na tsaftar ruwa. Ƙungiyoyin da ke aikin lafiya da ilimi a Kebbi da Sakkwato da Zamfara suna buga irin waɗannan, kuma jami'in da ya gaji da gyara ƙasa da aka rubuta kasa zai lura da kai. Na biyu Larabci. Idan ba a saita manhaja ba, haruffa suna rarrabuwa ko su juya daga hagu, kuma ana ganin haka a kalandun walimar sauka da allunan Islamiyya. Duk abin da ke da aya ko addu'a kai wa malami ya duba kafin bugu. Ni dai ban so a sa aya a samfurin da za a bar wa mutane, don ba ka san inda takardar za ta ƙare ba.

Ka kula da sirrin mutane. Katin biki yana ɗauke da sunan amarya, sunayen iyaye, lambobin waya, wani lokaci har hoto. Wanda ya biya ka kuɗin kati bai ba ka izinin baza 'yarsa a intanet ba. Nemi izini, in ba ka samu ba canza sunaye da lambobi, ka cire hoton. Haka katin shaidar ɗalibai da takardar sakamako. Fastocin siyasa kuma, ga zaɓen 2027 na tafe kuma gidajen bugu za su so mai saurin hannu a kansu, ɗaya ya isa a fayil ɗin da za ka kai can. Wanda za ka tura wa ƙungiya ko ma'aikata ka cire shi gaba ɗaya. Wannan ma wani amfanin aljihun leda ne da PDF, ana sauya su gwargwadon ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Zafi abokin gaba ne. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40, bugun leza yana iya mannewa a jikin leda mai laushi, ka zaro takarda rubutu ya zauna a aljihun. Kada ka bar fayil ɗin a but ɗin babur ko cikin mota a rana. Bugun firintar gida mai tawadar ruwa kuma gumin yatsa kaɗai yana ɓata shi, ka kai a yi maka DI, wato bugun injin shago kai tsaye daga kwamfuta. Laminatin mai sheƙi yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila har rubutu ya ƙi karantuwa, maras sheƙi ya fi natsuwa amma yana riƙe shatin yatsa a kan launi mai duhu. Yi kati ɗaya da kowanne, ka iya bayanin bambancinsu idan an tambaya.

Kuɗin kuwa, farashi yana motsi, ka zaga shago uku ka tambaya kafin ka biya. A ganina kusan rabi ya tafi bugun samfura da gwajinsu, kaɗan ga fayil da filash, kaɗan ga data, sauran ka riƙe don sake bugu bayan wata uku idan hannunka ya ƙara faɗawa. Cikin abin da za ka buga har da katinka na kanka, da lambar QR mai kai wa ga PDF ɗin. Kada ta gaza santimita biyu a kowane gefe, baƙa a kan fari, da ɗan fili kewaye da ita, kuma ka gwada ta da ƙaramar waya mai raunin kyamara bayan an buga. Filash ɗin ka sa masa PDF da fayilolin asali guda biyu ko uku kawai, ba dukan ayyukanka ba, don kwamfutocin shago ba su rasa bairos.

Ranar zuwa, PDF ɗin ya kasance a sauke cikin wayarka, kada ka dogara ga sabis, kuma wayar da caji. Je da hantsi ko bayan la'asar, ba lokacin da inji ke gudu ana jiran kaya ba. Gaida mai wurin yadda ya kamata, miƙa masa fayil ɗin ya buɗe da hannunsa, kada ka tsaya kansa kana fassara kowane shafi. Idan ya tsaya a kan wani, faɗi abin da aka nema da yadda ka warware, jimla biyu. Idan ya nuna aibi, kada ka kare kanka, tambaye shi yadda su suke yi a nan.

Kuma ka koma wurin mutumin nan na farko. Kai masa bugun samfuranka ma, ka zama kwastomansa na rana ɗaya, ya buɗe fayil ɗinka a kwamfutarsa ya ga bilid da CMYK da rubutun da aka mayar zane. Idan an gama, ce masa: "Alhaji, in akwai ƙaramin aiki da ke jira, a ba ni kwamfuta in gwada a gabanku." Akwai gidajen bugun da da irin wannan gwajin suke ɗaukar mutum, minti 30 ko awa ɗaya, takardar talla ko katin suna, don haka tun yanzu ka riƙa sa wa kanka agogo a gida kana haɗa A5 daga farar takarda har zuwa PDF mai shirin hawa inji. In ya ce ka fara zuwa a gani, ku yi magana tun ranar kan tsawon gwajin da abin da za a riƙa ba ka a cikinsa, mako biyu ko wata ɗaya, kada ya zama buɗaɗɗe. Allah ya ba da sa'a, ka gaida yayan naka.